Me ya sa masana'antun cip suka koma hannun kamfanoni ƙalilan?

A cikin kowace wayar salula, mota ko firji na zamani akwai wani ɗan guntu da bai kai girman farce ba, wanda ake kira cip. Shi ne ƙwaƙwalwar na'urar. Ba ɗaya-ɗaya ake ƙera shi ba: ana zana ɗaruruwa a kan wani faifai na silikon, ma'adinin da ake tacewa daga yashi, daga baya a yayyanka su.

Girman faifan shi ne tushen lissafin. A shekarun 1990 ana aiki da faifai mai faɗin milimita 200. Daga farkon shekarun 2000 manyan kamfanoni suka koma milimita 300, wanda filinsa ya ninka na farko sau biyu da kwata. Kamar mai gashin burodi ne da ya samu faranti babba: wuta ɗaya, burodi ninki biyu, kowane guda ya fi sauƙin kuɗi.

Sai dai faranti babba yana buƙatar sabon tanda. Sauya girman faifai na nufin sauya kusan dukan injuna, tare da gina ɗakunan da ƙura ba ta shiga. Injin da ya fi tsada shi ne mai zana cip da haske. Kamfanin ASML na ƙasar Holand ne kaɗai ke ƙera samfurin EUV, kuma na baya-bayan nan ya kai kimanin euro miliyan 350, wato kusan miliyar 230 na sefa, inji guda. Kamfanin TSMC na Taiwan ya ware dala miliyar 65 don masana'antu uku a jihar Arizona ta Amurka, kafin ya ƙara adadin a 2025.

A 2011, Intel, Samsung, TSMC, IBM da GlobalFoundries suka haɗu a jihar New York don gwada faifai mai milimita 450. Shirin ya tsaya bayan ƴan shekaru. Dalili kuwa, injin haske yanki-yanki yake zanawa, don haka faɗin faifai bai rage masa aiki ba, ga shi masu ƙera injunan sun ga abokan cinikin ba su da yawan da za su mayar musu da kuɗinsu.

Yau TSMC, Samsung da Intel ne kawai ke fafatawa a sahun gaba. Idan aiki ya tsaya a ɗaya daga cikinsu, duniya na ji a jikinta. An ga alamar haka a 2021, lokacin da ƙarancin cip ya tilasta wa kamfanonin mota dakatar da aiki. Mai sayen waya a kasuwar Maraɗi ko Damagaram shi ne a ƙarshen wannan layi, kuma farashin da yake biya daga can ya samo asali.