Dalilin Mutuwar Kifi a Sabon Tanki

Garin Illela yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, daura da Birnin Ƙonni, a arewacin Jihar Sakkwato. Mutanen wannan yanki sun san kifi tun da daɗewa ta wajen Tafkin Kalmalo, amma da ruwan tafkin ya ja baya, sai hankali ya koma ga kiwon tarwaɗa a tankin siminti ko na tamfol cikin gida. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata hasara da take samun mai sabon tanki, watau ya gina, ya cika da ruwa garai-garai, ya zuba 'ya'yan kifi, amma kafin mako biyu ya tarar da su birjik sun juya ciki sama. Akan ɗora laifin a kan mai sayar da iri, ko a ce kambun baka ne. Sau da yawa kuwa laifin na sabuntar tankin ne.

Daga cikin waɗanda suka yi nazarin wannan al'amari sosai akwai masu ajiye kifin teku da murjani mai rai a akwatin gilashi, a ƙasashen Turai da Amurka. Murjanin nan da mata suke ɗaurawa a wuya, asalinsa ƙashin wata ƙaramar halitta ce ta teku, kuma danginta ba su jure ƙazantar ruwa ko kaɗan. A da, masu wannan sha'awa dutse suke saye wanda aka ciro daga teku da danshinsa, suna kiransa dutse mai rai. Daga baya da yawansu suka koma ga busasshen dutse, domin ya fi araha, kuma ba ya shigo da ɓarna. Sai dai busasshen dutse fanko ne. Don haka sukan haɗa ruwan gishiri, su jera dutsen, su ɗiga amoniya ko su jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe, sa'an nan su zauna jira, mako huɗu zuwa shida ko fiye, ba tare da kifi ko ɗaya a ciki ba.

Abin da ake jira shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kifi yana fitar da amoniya ta kafofin numfashinsa na gefen kai, haka kuma kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe duk amoniya suke komawa. Ita kuwa guba ce. A tafki ko gulbi akwai wani jinsin bakteriya da ke cin ta, ya mai da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, don tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iska, har jinin ya koma ruwan ƙasa. Sa'an nan wani jinsi dabam ya karɓi wannan, ya mai da ita naitiret, wadda cutarta kaɗan ce, tsiro kuma yana shan ta a matsayin taki. A shekarar 1877 ne wasu Faransawa biyu, Schloesing da Müntz, suka nuna cewa abu mai rai ne yake yin wannan aiki, kuma a wajajen 1890 masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, ya bayyana ƙwayoyin kansu. Wahalarsu ɗaya ce, nawa gare su wajen haihuwa. Wasu ƙwayoyin sukan ninka yawansu cikin minti 20, su kuwa waɗannan sai su ɗauki yini guda. Bugu da ƙari ba yawo suke yi cikin ruwa ba, manne suke a jikin dutse da tsakuwa da bangon tanki.

Duk macen da ta iya kindirmo ta san wannan hikima ko da ba ta san sunanta ba. Ba ta barin madara ta kwana haka kawai a sabuwar ƙwarya, sai ta zuba ɗan tsohon nono a ciki. Haka nan mai sabon tanki, in ya sami tsakuwa ko tsingaro daga matatar wani tsohon tanki mai lafiya, ya kawo su da danshinsu ya sa a nasa, ya rage wa kansa kwanaki. Sharaɗin shi ne tankin da aka ɗebo ya kasance ba cuta, in ba haka ba an sayo wahala da kuɗi. Marmara ma tana da amfani, saboda ramukanta suna ba ƙwayoyin wurin zama.

A Illela akwai abubuwa biyu da suke ƙara wa matsalar nauyi. Na farko zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma dafin amoniya ƙaruwa yake yi idan ruwa ya yi ɗumi. Na biyu shi ne siminti kansa. Sabon siminti yana tsatso wani kaifi irin na ruwan toka, wanda shi kaɗai ma yana ƙone fatar kifi, sa'an nan a irin wannan ruwa ne amoniya ta fi yin kisa. Wannan ne ya sa gogaggun masu kiwo sukan cika sabon tanki, su jiƙa buhun kashin kaji a ciki na kwanaki, su zubar, su wanke, su sake cikawa. Jiƙon yana janye kaifin simintin, kashin kajin kuma yana ba ƙwayoyin abincin farko. Alal haƙiƙa aikin da Bature yake yi da guntun jatan lande ke nan.

To, amma kada a ɗauka tarwaɗa da murjani ɗaya ne. Tarwaɗa tana da taurin rai, tana ɗagowa ta shaƙi iska, shi ya sa yawancin masu kiwonta ba su damu da matata ba, canjin ruwa kawai suka dogara da shi. Wannan dabara tana ci inda ruwa yake a banza. Inda kuwa sai an tayar da inji a rijiyar burtsatse, ko an saya wajen 'yan garuwa, to, kowane canji kuɗi ne daga cikin riba, kuma 'ya'yan kifi ba su da juriyar manya. Mai irin wannan hali gara ya haɗa matata ta tsakuwa a cikin ganga, ruwa yana ratsa ta yana komawa tanki, ya fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, ya riƙa ƙarawa mako-mako. Kada ya wanke tsakuwar da sabulu ko ruwa mai sinadarin kulorin, kada kuma ya shanya ta a rana. Ɗan gishiri yana rage shigar naitirait cikin jinin kifi a kwanakin farko. Ruwan da ya zubar kuwa ya kai shi lambun albasa ko na alayyafo.