Jinyar Zuciya ta Hanyar Zance: Abin da Ya Kamata Malamin Zaure Ya Sani a Birnin Kudu da Gwaram

A ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, idan mutum ya daina barci, ko ya ƙaurace wa jama'a, zauren malam ake fara kai shi. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau a Kano, galibi sai abu ya ta'azzara ake tunawa da su. Saboda haka ya zama wajibi malami ya san cewa, ban da ruƙiyya da ƙwayar likita, akwai jinya da ake yi da zance tsararre.

Mafi shahara ga manya ita ce gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitan Amurka Aaron Beck ya tsara a shekarun 1960. Ana zama da majinyaci mako-mako, a zaƙulo tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, a auna shi da hujja. Wannan ba baƙon abu ba ne a Musulunci: Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya yi bayanin makamancinsa a Masalihul Abdan wal Anfus, kuma Farfesa Malik Badri na Sudan ya jawo hankalin masana zuwa gare shi.

Misali mafi kusa da ɗalibin fiƙihu shi ne mai waswasi, wanda zai maimaita alwala har jam'i ya wuce shi. Masu jinya suna horar da shi ya yi alwala sau ɗaya, ya jure ɗar-ɗar ɗin da zai biyo baya ba tare da ya sake ba, har zuciya ta saba. Malikiyya sun riga sun hukunta cewa wanda shakka ta aure shi ya yi watsi da ita, kamar yadda ya zo a Risala da Ahalari. Sai dai karanta masa hukuncin sau ɗaya ba ya wadatarwa, domin ya riga ya san shi. Horon a-kai-a-kai ne ya rasa. Malamin da ke ba shi sabuwar fatawa kullum, da kyakkyawar niyya, ciyar da cutar yake yi.

Yaro kuwa ba ya iya fayyace damuwarsa, don haka ana bi da shi ta wasa da zane, a kuma koya wa iyaye yabo da horo marar duka. Mai fitsarin kwance bulala ba ta ƙara masa komai sai tsoro.

Jinyar iyali tana zaunar da miji da mata, wani lokaci da abokiyar zama ko uwar miji, domin a gyara yadda ake zance a gidan. Tana kama da sulhun da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, amma ba neman mai laifi take yi ba.

Zance yana da iyaka. Wanda ke jin muryoyin da babu su, ko yake ambaton kashe kansa, ko mai jego da hankalinta ya gushe, asibiti za a kai su a ranar, addu'a kuma ta raka su can.