Gano Mahaɗan da Suka Dogara da Katin Sadarwa Kafin a Sauya Shi

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Saboda haka, ɗalibin da ya taso daga Balan ta ƙasar Gaya ya zauna a cibiyar jarrabawa, tambayoyinsa daga wata babbar kwamfuta suke zuwa, wadda ake kira uwar garke. Ƙofar da saƙonni ke bi su shiga ko su fita daga cikinta kuwa, ita ce katin sadarwa.

Kowane kati yana da lambar shaidarsa mai gurbi 12, wato adireshin MAC, wadda masana'anta ta ba shi. Da zarar an cire kati, lambar ta tafi tare da shi. A nan gizo ke saƙar, domin sau da yawa da wannan lamba na'urar raba adireshin IP ke gane uwar garke, haka ma lasisin wasu manhajoji. Sabon kati baƙo ne a wurinsu.

Don haka, kafin ma'aikaci ya kwance ko noti ɗaya, wajibi ne ya rubuta adireshin IP da na MAC, waɗanda umarnin ipconfig /all ke nunawa a Windows. Sannan ya duba da umarnin netstat, ya ga kwamfutocin da ke haɗe. Sai dai netstat abin da ke gudana a lokacin kaɗai yake nunawa. Aikin da kan tashi da tsakar dare, kamar ajiye kwafin bayanai, sai an nemo shi cikin jadawalin ayyukan na'urar, kuma shi aka fi mantawa.