Alpujarra: Hanyoyin Keke a Bayan Duwatsun Garnaɗa

Alpujarra yanki ne na tsaunuka da kwaruruka a kudancin ƙasar Sifaniya, cikin Andalusiya. Ana furta sunan kamar "Alfuharra". Jerin duwatsun Sierra Nevada sun tokare shi daga arewa, daga kudu kuma wasu tsaunuka marasa tsayi sosai ne suka raba shi da Bahar Rum. Yammacinsa yana cikin lardin Granada, birnin da littattafan Larabci ke kira Garnaɗa, gabashinsa kuma yana cikin lardin Almería. A kansa dutsen Mulhacén yake, mai tsayin mita 3,479, wanda babu kamarsa a duk zirin ƙasar da Sifaniya da Fotugal suke kai. Sunan wani sarkin Garnaɗa ne aka ba shi, Maulay Abul Hasan Ali, wanda almara ta ce a can ƙololuwa aka binne shi.

Abin da ke jawo masu keke zuwa wannan yanki shi ne kwalta mai kyau da babu cunkoso a kanta. Dalilin hakan kuwa a fili yake. Babbar hanyar da ta tashi daga Granada zuwa bakin teku ta bi ta yammacin yankin ta wuce, wata babbar kuma ta bi gaɓar teku, saboda haka manyan motoci da masu sauri ba su da abin da zai shigo da su ciki. Duk wanda aka gani a kan hanyoyin Alpujarra, to can ɗin ya nufa. Ga kuma ƙarancin jama'a: daga shekarun 1950 zuwa na 1970 matasa sun yi ta kwarara zuwa Barcelona da Faransa da Jamus neman aiki, har ƙauyuka da yawa suka koma mutum 'yan ɗaruruwa, galibinsu tsofaffi. Shirun da baƙo ke jin daɗinsa a yau, asalinsa talauci ne da ƙaura.

Ƙofar yankin daga yamma ita ce Lanjarón, tafiyar kimanin kilomita 45 daga Granada. Garin ya yi suna da ruwan maɓuɓɓugansa, wanda ake ɗurawa a kwalabe ana sayarwa a ko'ina cikin Sifaniya, kuma a daren 23 ga watan Yuni mutanensa kan fito da bokitai su yi ta watsa wa juna ruwa. Daga nan hanya takan gangara kusan kilomita 10 zuwa Órgiva, babban garin yammacin yankin, wanda kasuwarsa ke ci ranar Alhamis. Órgiva tana kusa da kogin Guadalfeo, a tsayin kimanin mita 450, inda lemo da zaitun da rumman ke yi sosai. A nan mai keke ke cika gorarsa, ya duba birki, domin daga nan sai hawa.

Hanya mai lamba A-4132 ce ke ɗaukar mutum daga Órgiva zuwa sama. Bayan kimanin kilomita 14 na kwana-kwana sai a shiga kwazazzabon Poqueira, inda ƙauyuka uku suke maƙale a jikin dutse, wani bisa wani: Pampaneira, sai Bubión, sai Capileira mai tsayin mita 1,436. Daga Órgiva zuwa Capileira wajen kilomita 20 ne, hawan kuma ya kusa mita 1,000, wato a kowace mita ɗari ta tafiya hanyar kan ɗagu da kamar mita biyar. Ba hawa ne mai karya gwiwa ba, amma ba ya sassautawa, don haka wanda ya fara da gudu tun daga ƙasa yakan gane kurensa kafin Pampaneira. Masu keken tsere kan saka ƙaramar giya su yi ta juya feda a hankali har su kai. A shekarar 2015 gasar kekuna ta zagaye Sifaniya, wadda ake kira Vuelta, ta ƙare zangonta na bakwai a hawan Capileira, ɗan ƙasar Holan Bert-Jan Lindeman ne ya zo na ɗaya.

Gidajen waɗannan ƙauyuka ba su yi kama da na sauran Sifaniya ba, sun fi kama da na Barbar a duwatsun Atlas na Maroko. Bangon dutse ne da aka shafe da farar ƙasa, rufin kuma a shimfiɗe yake kamar na soro. Akan jera ƙatti na itacen kastanya a matsayin azara, a ɗora fallayen dutse a kai, sannan a daɓe da wata laka mai launin toka da ake kira launa, wadda ba ta barin ruwa ya ratsa, kusan aikin da makuba ke yi wa ginin ƙasa. A kan rufin akwai bututun hayaƙi dogaye masu ɗan murfin dutse kamar hula. Saboda gangarar wurin, rufin gidan ƙasa shi ne farfajiyar gidan sama, a nan ake shanya barkono da masara. Lungunan ƙunci ne da su, wasu an rufe samansu da ɗaki, a tsakiyar wasu titunan Pampaneira kuma ruwa ne ke gudana a 'yar magudana. Keke ba ya shiga irin waɗannan lungu sai a ture. A shagunan dandali ana rataye dardumai masu kauri da ake saƙawa da tsummokara.

Gaskiyar magana ita ce Poqueira ba nan ne wurin shiru ba. Ranakun Asabar da Lahadi, da kuma watan Agusta, motocin 'yan yawon buɗe ido kan cika hanyar. Sai an wuce mararrabar da ke sama da Pampaneira an miƙe gabas sannan hanya ke zama ta mai keke. Nan ake shiga gundumar La Taha, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci ɗa'a, wadda sarakunan Garnaɗa ke kiran gundumomin mulkinsu da ita. Pitres ne babban ƙauyenta, a ƙasansa kuma akwai ƙananan ƙauyuka irin su Mecina da Fondales da Ferreirola, waɗanda siririyar kwalta ke gangarawa gare su. Gaba kaɗan, a wajen Pórtugos, akwai wata maɓuɓɓuga a bakin hanya da ruwanta ke ɗauke da ƙarfe. Ɗanɗanonsa kamar an tsotsi ƙusa, kuma ya rine duwatsun da yake bi ja kamar tsatsa.

Ruwa shi ne sirrin korewar wannan ƙasa a yankin da rani ke da tsanani. Tun zamanin Musulmin Andalus aka haƙa magudanai a jikin tsaunuka, ana kiransu acequia, daga Larabcin as-saƙiya. Wasu na kai ruwa gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse. Wasu kuma aikinsu daban ne: idan dusar ƙanƙara ta fara narkewa a bazara, sai a karkatar da ruwan a baza shi a kan wuraren da ƙasa ke shanyewa, ya nitse, bayan makonni ko watanni ya ɓullo a maɓuɓɓugan ƙasa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Har yau manoma na haɗuwa su yashe magudanan, kuma kowa da ranarsa ta ban ruwa. Amfanin wannan ga mai keke shi ne kusan kowane ƙauye yana da famfon dandali mai ruwan sanyi, sai dai akan duba ko an rubuta cewa ba na sha ba ne.

Trevélez, mai tsayin mita 1,476 a gindin Mulhacén, yana cikin ƙauyuka mafiya tsayi a Sifaniya, kimanin kilomita 35 daga Órgiva. Bayan an haye kogin da ke ƙasan garin, hanya takan juyo kudu sannan ta miƙe gabas, tana hawa tana sauka, ta Juviles da Bérchules. Nan ne zangon da ya fi kowanne daɗi: mutum kan yi tafiya mai nisa ba ya jin komai sai ƙararrawar awaki da ƙarar sarƙar kekensa. Mutanen Bérchules suna da wata al'ada ta ban dariya. Wutar lantarki ta ɗauke musu a daren ƙarshe na shekarar 1994, shi ya sa suka mayar da bikin sabuwar shekara watan Agusta, abin kuma ya ɗore. Gaba a kan hanyar, a ƙauyen Yegen ne marubucin Ingila Gerald Brenan ya zauna daga 1920, littafinsa South from Granada na 1957 ya sanar da Turawa da yawa labarin yankin.

Gabashin Alpujarra ne ya fi nauyin tarihi. Da Garnaɗa ta faɗi hannun Sarki Fernando da Sarauniya Isabel a 1492, an ba sarkinta na ƙarshe, Abu Abdullahi Muhammad, wanda Sifaniyawa ke kira Boabdil, ƙasa a wannan yanki, ya zauna a Laujar de Andarax, sannan ya haye zuwa birnin Fas na Maroko a 1493. Cikin iyalan Garnaɗa da suka yi irin wannan hijira zuwa Fas har da na Hasan al-Wazzan, wato Leo Africanus, wanda littafinsa da aka buga a 1550 ya yi bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Gobir. Musulmin da suka rage an tilasta musu shiga Kiristanci, aka riƙa kiransu Morisko, suka ci gaba da noma da kiwon tsutsar siliki, wanda shi ne arzikin yankin a lokacin. A 1567 Sarki Felipe na Biyu ya hana su magana da Larabci da sa tufafinsu na gargajiya. Ƙarshen 1568 suka yi bore a ƙarƙashin Aben Humeya, wanda danginsa mutanen Válor ne, ƙauyen da ke kan wannan hanya gaba da Yegen. Yaƙin ya kai 1571, aka murƙushe su, aka kwashe kimanin mutum 80,000 daga masarautar Granada aka warwatsa su cikin yankin Kastila na Sifaniya, aka kawo baƙi daga wasu sassan ƙasar suka gaji gidaje da gonaki. Masana'antar siliki ba ta sake komawa yadda take ba. Duk watan Satumba mutanen Válor kan yi wasan kwaikwayon yaƙin Musulmi da Kirista a dandali.

Daga gabas, mai ƙarfin gwiwa na iya hawa mashigin Ragua, wajen mita 2,000, ya faɗa arewacin Sierra Nevada. Mafi yawa kan juyo ta hanyar ƙasa mai lamba A-348, ta Cádiar da Torvizcón, su koma Órgiva. Kudu da wannan hanya akwai tsaunukan Contraviesa, ƙasar inabi da ɓaure da itatuwan lauz waɗanda ke fure fari da ruwan hoda a watan Fabrairu. Hanyoyinsu sun fi na ko'ina rashin motoci, amma inuwa da ruwa sun yi ƙaranci. Daga kansu ana hangen dusar ƙanƙara a arewa da teku a kudu, ranar da sararin sama ya washe kuma har duwatsun Rif na Maroko akan gani.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Afrilu zuwa Yuni, da Satumba zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta kwaruruka kan yi zafi ƙwarai, sai dai a fita da sassafe. Da hunturu ƙanƙara kan daskare a kwanonin da rana ba ta kaiwa, mashigin Ragua ma yakan rufe. Ko da rani, iska na ƙara sanyi da kamar digiri shida a kowace mita dubu ta hawa, don haka wanda ya hau yana gumi yakan buƙaci riga mai tare iska wajen gangarowa. Gangarar ce ma ta fi haɗari, saboda tsakuwar da ke zubowa daga jikin dutse da garken awakin da kan tare kwana. A dama ake tuƙi a Sifaniya. Doka ta wajabta hular kwano a hanyoyin wajen gari, ta hana toshe kunne da abin sauraren waƙa, ta yarda mutum biyu su jera, ta kuma tilasta wa direba ya bar tazarar mita ɗaya da rabi idan zai wuce keke. Lambar neman agaji ita ce 112. Masu gyaran keke ba su da yawa a ƙauyukan sama, dole mutum ya riƙe famfo da kayan faci.

Shaguna kan rufe daga misalin ƙarfe biyu na rana zuwa biyar. Abincin yankin kuma yana buƙatar lura ga wanda ba ya cin naman alade, domin Trevélez da busasshiyar cinyar alade ta yi suna, kuma akwai shi a farantin gargajiya na Alpujarra, har da ɗan abin taɓawar da ake kawowa kyauta tare da abin sha a lardin Granada. Kifin kogi ma sau da yawa da yankin naman ake soya shi, sai an tambaya. Abin da ya rage ba kaɗan ba ne: dankalin Turawa soyayye da albasa da tattasai cikin man zaitun, ƙwai, cukun awaki, zumar Lanjarón, busasshen ɓaure, da wata alewar lauz da farin ƙwai mai suna soplillos, wadda ake danganta asalinta ga mutanen Morisko.