Ɗarin Hunturu Ba Ya Ƙaryata Ɗumamar Duniya

Duk shekarar da hunturu ya yi tsanani a ƙasar Bagudo, sai maganar ta taso a teburin mai shayi a Matsinkai ko a rumfunan kasuwar Lolo: “To, ina ɗumamar duniyar da ake cika mana kunne da ita a rediyo?” Mai tambayar yana duƙunƙune cikin mayafi, leɓɓa sun tsage, faso ya yayyanka dugadugai, yana kama kofin shayi da hannu bibbiyu. Wa zai ga laifinsa? Shekarar da hunturu ya zo lami kuwa, aka shiga Janairu ana kwana a tsakar gida, wani ne zai ce ai ga ta nan, ta ci mu. Su duka biyun sun yi garaje.

Iskar hunturu daga Sahara take busowa ta arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mai yawa daga cikinta take tashi daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Busasshiya ce ƙayau. Danshin iska shi ke riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, to idan babu shi, rana na faɗuwa zafin zai tsere sama, asuba ta yi ɗari. Da hantsi kuma hazo ya tare hasken rana. Ƙarfin wannan iska yana hawa yana sauka daga shekara zuwa shekara tun zamanin kaka da kakanni. Ba a gane albarkar kaka da zangarniya ɗaya, shi ya sa masana ba sa cewa yanayin wuri ya sauya sai sun duba awon shekara 30, kuma a yanzu da na 1991 zuwa 2020 ake gwadawa.

Dogon awon nan bai bar wurin musu ba. A farkon 2025, hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ta zarce zafin da ake da shi kafin zamanin masana'antu da kimanin digiri 1.55, kuma shekaru goma daga 2015 zuwa 2024 su ne mafi zafi tun da aka fara ajiye awo. A ranar 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Wanda ya yi azumin wannan shekara a Kebbi ba sai an ba shi labari ba.

Hoton dusar ƙanƙara a kan rairayin Sahara da ke yawo a WhatsApp ma kada ya ruɗe ku. Galibi daga Ain Sefra ne a Aljeriya, gari mai tudun kusan mita dubu, wanda ya ga irin haka tun 1979.

Sai batun hasashen kwamfuta. Masana suna raba duniya gida-gida, su loda wa na'ura dokokin tafiyar iska da ruwa da zafi, ta lissafa abin da zai biyo baya idan hayaƙi ya ƙaru. Aikin da Syukuro Manabe ya fara a shekarun 1960 ke nan, har aka ba shi kyautar Nobel a 2021. A kan hauhawar zafi, lissafin ya yi ta dacewa da abin da aka auna daga baya. A kan daminar yankinmu kuwa, bakin na'urorin bai zo ɗaya ba: wasu sun ce ruwa zai ƙaru, wasu sun ce zai ragu. Kuma faɗin gida guda a lissafin yakan kai kilomita ɗari, har Matsinkai da Ka'oje da Segbana ta Jamhuriyar Benin su iya faɗawa cikinsa tare. Duk wanda ya ce kwamfuta ta faɗa masa abin da zai sami gonarka nan da shekara 20, ya ƙara gishiri.

Abin da ya fi damuna shi ne gardamar sanyi tana ɗauke hankalinmu daga ruwa. Bayan farin 1973 da na 1984 damina ta farfaɗo, amma da sabon hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna manyan hadarai masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. A Satumban 2020 Kogin Kwara ya kai cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, a Kebbi kuma ambaliya ta shanye ɗaruruwan dubban hekta na shinkafa, har da fadamun Bagudo.

Wasu dattawa kan ce hunturu mai ƙarfi alamar damina mai kyau ce. A girmama su, amma kada a ci bashin taki a kan wannan. Hukumar yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. A tambayi malamin gona ranar da ake sa ran saukar ruwa, a nemi iri mai saurin nuna, a raba shuka tsakanin fadama da tudu. Idan rediyon Nijar ya ce kogi ya cika a Yamai ko Gaya, ruwan nan Lolo zai biyo, a fara kwashe hatsi da dabbobi daga bakin gaɓa tun kafin ya iso.