Ko Kun Sani? Gurguzun Ingila da Siyasar Talakawan Kano

Ko kun san cewa a 1946, lokacin da Malam Aminu Kano ya tafi karatun koyarwa a Jami'ar Landan, jam'iyyar Leba ce ke mulkin Ingila? Ta ci zaɓe a 1945 a ƙarƙashin Clement Attlee, ta mayar da ma'adinan kwal da jiragen ƙasa hannun gwamnati, ta kuma kafa tsarin magani kyauta a 1948. Malam ya ga farkon wannan da idonsa, shi ya sa wasu ke cewa aƙidar jam'iyyarsa ta NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kayan aro ce daga Turawa.

Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin Sanarwar Sawaba ta NEPU ta yi zancen gwagwarmayar aji tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e. Amma da sake. Gwamnatin Leba da ke ɗaukaka ma'aikata a gida ita ce ta bar mulkin En'e daram a Kano: Razdan yana unguwar Nassarawa, Sarki yana cikin birni, Ƙofar Nassarawa na tsakaninsu, talaka kuwa yana biyan haraji. Hujjar yaƙi da zalunci ma ba baƙuwa ba ce, tun da Shehu Usmanu ya soki harajin zalunci a Kitabul Farƙ, Sa'adu Zungur kuma ya ɗora da waƙa. Abin da Landan ta ƙara shi ne dabarar jam'iyya da ƙuri'a. Da ƙuri'ar ce jam'iyyar Malam ta PRP ta ci Kano a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.