Takin Gargajiya: Laifin Ɗanye Ake Ɗora wa Ruɓaɓɓe

A bakin masu lambu ana yawan jin cewa takin gargajiya yana ƙone shuka, yana kawo ciyawa, yana kiran gara. Maganar ba ƙarya ba ce ɗungurungum, amma wanda ake zargi ba shi ne mai laifin ba. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu da aka kwaso daga turke aka zuba a gindin tumatir lallai yana ƙone saiwa, saboda gishiri da iskar amoniya da ke cikinsa. Haka nan ƙwayar ciyawa tana ratsa cikin saniya ta fito da ranta. To amma wannan kashi ne, bai zama taki ba tukuna. Idan aka tara shi da ganye da kara da ɓawon kayan miya, ana yayyafa ruwa ana juyawa, zafin cikin tsibin yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin yana kashe yawancin ƙwayar ciyawa da ƙwayoyin cuta. Alamar ya nuna ita ce ya huce, ya yi baƙi, wari ya tafi, ba a gane abin da aka zuba.

Batun gara kuwa gaskiya ne tana bin busasshen kara, sai dai ba kullum ɓarna take yi ba. A ramukan tassa na yankin Tahoua a Nijar, da na zai da wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya farfaɗo da su a Burkina Faso, takin da ake sawa a rami yana jawo gara, ita kuma ta huda ƙasar da ta ƙeƙashe ruwa ya samu hanyar shiga.

Akwai kuma zuzutawa daga ɗaya ɓangaren, wai mai takin gida ya rabu da takin zamani har abada. Lissafi bai yarda ba. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, shi kuwa ruɓaɓɓen taki kashi 1 zuwa 2 cikin 100 yake da shi. Ke nan sai an zuba fiye da tan guda kafin a kamo buhu ɗaya, kuma a hankali yake sakin abincin. Mai ƙaramin lambu na iya wadatuwa da shi. Mai gonar masara da wuya. Wani zai ce to mene ne amfanin wahalar? Amfaninsa yana inda buhu ba ya kaiwa: yana sa jigawa ta riƙe danshi, yana sassauta laka, yana sa takin zamanin da aka saya ya zauna maimakon ruwa ya wanke shi.

Abin da ya cancanci tsoro shi ne sharar bola mai leda da tsofaffin batura, domin waɗannan ba sa ruɓewa, batura kuma guba suke bari a ƙasa. Manomi, ka tsince su kafin ka kai gona, ka kuma bar tsibinka ya nuna.